Hayaƙin da Aka Ɗaure a Zauren Mai Unguwa

Saura ƙiris Barakatu ta fasa rubuta takardar nan. Sau uku tana ɗauko biro tana mayarwa, don ita ko sallama a bakin zaure nauyi take yi mata. Amma hedimasta ya aiko cewa 'yarta Rufaida ta yi fashin kwana goma sha tara a zangon nan, in ta ƙara uku ba za ta zauna jarrabawa ba. Maigidan kuma yana can Doguwa wajen girbin masara. Sai ta daure ta rubuta wa Mai Unguwa Dikko layi biyu: hayaƙin buntun shinkafar da ake ƙonawa bayan injin Ɗahiru yana shiga aji, yarinyar har numfashinta yana sarƙewa.

Ƙauyen nasu gaba kaɗan yake da Yako, katanga ɗaya ce kuma tsakanin injin da firamare. Abin ya kai malamin aji uku ya daina kiran suna, da tari yake gane wanda ya zo.

Aka kira su zaure, ita da Ɗahiru. Barakatu ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe," in ji Ɗahiru, "buntu nawa ne, wuta tawa ce. Amma hayaƙin da ya tsallake katanga, ni na aike shi? In boko yake so, ba ni na sa shi ba."

Mai Unguwa ya yi shekara talatin yana sulhun shanu da gonaki, bai kuma san wata shari'a ba sai ita. Ya gyara zama.

"Wannan ai ɓarna ce. Abin da ya yi ɓarna kuwa kamo shi ake yi, a ɗaure a gidana har mai shi ya ce nasa ne. 'Yar nan, kin kamo shi?"

"A'a, Baba."

"To je ki kamo."

Ta gwada da buhu, ya fice ta saƙar. Ta tara jarka, ta toshe da tsumma, ta kai. Da aka buɗe babu komai.

"Ya tsinke!" in ji Ɗahiru, har da buga cinya.

Tana komawa gida da hawaye ta haɗu da Rabi mai tallan nono, ta gaya mata.

"Ke ma dai," in ji Rabi. "Maraƙi in ya ƙi kamuwa, uwar ake ja, shi zai biyo."

Barakatu ta sami tsohon kasko, ta kwaso buntun da ke ci, ta riƙo da tsumma har zaure. Hayaƙin kuwa ya biyo ta salin-alin. Ta zagaye kaskon da igiya, ta ɗaure a jikin turke.

"Ga shi, Baba. Da uwarsa."

To a al'adar gidan, abin da ke ɗaure ba a barinsa da yunwa. Dole Mai Unguwa ya sa ana ƙara masa buntu. Kafin la'asar dattawa sun koma waje, idon kowa ja wur, shi kuma rawaninsa ya koma takunkumi. Ya aika a kira Ɗahiru.

"Dube shi da kyau. Naka ne?"

Ɗahiru ya zagaya kaskon, ya karkata kai. "Ya yi kama da shi. Sai dai nawa ya fi ƙiba."

Mai Unguwa ya buɗe baki, tari ya ƙwace maganar. Ladanin masallaci ya leƙo ya shinshina.

"Nasa ne. Ga warin tsohuwar tayar da yake tayar da wuta da ita."

Ɗahiru ya sosa ƙeya, ya amsa cewa nasa ne.

"Kwance abinka," in ji Mai Unguwa da ƙyar. "Daga yau can bayan fadama za a riƙa kai shi, nesa da mutane. Kada a sake ganinsa a hanyar makaranta."

"Wa zai yi kiwonsa?"

"Kai!"

Washegari da sassafe Barakatu ta sa wa Rufaida kayan makaranta. Ƙirjin yarinyar bai gama saki ba, don haka ta goya ta duk da girmanta, ƙafafu na reto. A hanya suka ci karo da Ɗahiru yana tura baro cike da buntu, kaskon a sama, yana waiwayen hayaƙin yana cewa, "Kai, ba nan ba! Mu je!" Ta ja hijabi ta rufe baki, ta gaishe shi a ladabce, ta ƙara sauri don kada a kaɗa ƙararrawa.