Na'urar da Ke Gane Fuska

Wata biyar da rasuwar baban yara, Auta ta nuna hoton ƙaninsa a wayata ta ce, "Abba." Shekararta uku. Na gyara mata, ta sake nunawa ta ce Abba. Ranar na kasa cin abinci, don na gane fuskar ubanta ta fara ɓace mata.

Mutumin nan kuwa bai bar komai ba sai hotuna. Tsofaffin wayoyi, kwamfuta mai fasasshen murfi, ƙananan memori cike da gwangwanin alawa. Ko atishawa yaro ya yi sai ya ɗauka. Na sha yi masa tsiya cewa a gidan nan ba a ci abinci da zafinsa, sai an jira mai hoto ya gama.

Wata abokiyar aikina a asibiti ta ce in sayi na'urar ajiya ta gida, wani ɗan akwati da ake haɗawa da intanet, a zuba komai a ciki, kowa ya gani daga wayarsa ko talabijin. Na tashi daga aiki na wuce shagon kwamfuta da kayan aikina a jiki.

Mai shagon mutum ne mai surutu kamar rediyo. Ya jera mini akwatuna uku a kan kanta.

"Hajiya, wannan faifai ɗaya yake ɗauka. Wannan biyu. Ni dai biyun nake ba mutane shawara, don duk abin da aka rubuta a ɗaya ana rubuta shi a ɗayan. Idan ɗaya ya mutu, ɗayan na nan da komai."

Na zuba wa kantar ido. Ya ɗauka tsada ce ta dame ni, ya fara yabon ƙaramin.

"Ba wannan ba," na ce. "Akwai wanda ke gane fuska? In ce masa ga mutum, ya tattaro mini duk hotunansa?"

"Akwai mana. Ga shi, sai dai fankarsa tana ɗan ƙara."

"Ta yi ta yi. Gidan ma ya yi shiru da yawa."

Daga nan ya ɗaure mini kwalin da kansa, ya kai mini har bakin titi.

Na ajiye akwatin a kan teburin falo, kusa da talabijin. Ni da babbar 'yata muka yi mako muna juye wayoyi da memori, ita tana karanta takardar bayani, ni ina faɗa da igiyoyi. Da aka gama, na'urar ta ware fuskoki. Ga tawa, ɗaruruwa, yawanci ina hararar kyamara. Ga yaran. Ga maƙwabciyarmu, ga mai gyaran famfo, har da wani baƙo da ban san shi ba.

Na baban yara kuwa ba su cika tafin hannu ba. Ɗaya rabin fuska ne a madubin mota, ɗaya ya yi dishi-dishi. Da muka bi sauran da hannu, muka sami wanda ni na ɗauka, daga wuya zuwa ƙasa. Dama shi ya sa ba ya ba ni waya. "Ke yanke wa mutane kai kike yi," haka yake cewa, ni kuma in ce to ya riƙe kayarsa. Ya riƙe kuwa, shekara goma sha ɗaya.

'Yata ta ce, "Umma, bari mu gwada bidiyo."

Ta kunna ɗaya a talabijin. Auta ce tana koyon tafiya a wannan falon, tana tangaɗi. Sai muryarsa ta cika ɗakin, kusa sosai, da dariyar nan tasa.

"Taho, Auta. Taho wurin Abba. Kalle ni nan."

Auta ta saki cokalin da ke hannunta. Ta kalli talabijin, ta ga kanta kawai.

"Umma, ina yake?"

"Yana baya," na ce. "Shi ke riƙe da kyamarar."

Ta sauko daga kujera, ta taka har gaban teburin, ta dafa bango, ta leƙa bayan talabijin. Babu komai a wurin sai igiyoyi da akwatin, fankarsa tana juyawa. Ta daɗe tana leƙe, shi kuma yana ta kiranta.