Marar Lafiyar Gwaji

Tun da noman roba ya daina kawo kuɗi, garinmu Pala ya koma noman nas-nas. Gidan da ba shi da ɗaya a Ingila yana renon ɗaya. Ni kuwa, da digiri biyu a adabin Turanci, sana'ata ita ce koya musu tausayi da harshen Turawa, a wani ɗaki da ke saman shagon gwal.

Jarrabawar da nake shirya su dominta wasan kwaikwayo ce. Mai jarrabawa zai zauna ya ce shi marar lafiya ne, nas ta yi masa magana. Wadda ta burge shi ta kama hanyar lasisi. Wadda ba ta burge shi ba ta koma asibitinta ta ci gaba da ceton rai a kan albashin da mai gadin banki zai raina.

Nimmy, 'yar Ulahannan tsohon shugaban gidan waya, ta yi shekara goma sha biyar a sashen masu ciwon zuciya. A jarrabawar ta ci sashen karatu, ta ci rubutu, ta ci sauraro, magana ce ta kayar da ita har sau biyu. Wani asibiti a Ingila ya yi mata alkawarin aiki in ta kawo sakamako kafin Kirsimeti. Mijinta ya dawo daga Dubai da ciwon baya da talabijin, ga yara biyu a makaranta. Ke nan gidan gaba ɗaya bakinta yake kallo.

Ranar da ta fara zuwa ajina na zama marar lafiya, na kama ciki na ce, "Sista, likita ya ce an ga wani abu a hantata. Ciwon daji ne?"

"Haba, wa ya gaya maka? Ɗan kumburi ne. Sha maganinka ka kwanta. Ina ɗanka? Kira min shi."

"Kin faɗi," na ce.

"Me na yi, Saar?" Haka ake kiran malami a garinmu.

"Kin yi masa ƙarya, kin kuma nemi ɗansa."

"To wa zan gaya wa? Mutum yana kwance, in dube shi in ce zai mutu? Ai na riga ciwon kashe shi."

"A can ciwon nasa ne, ba na ɗansa ba."

"Su ba su da 'ya'ya ne?"

"Suna da su. Shi ya sa suke nemanku."

Ajin ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Na koya mata yadda ake yi. Ki jawo kujera ki zauna, kada ki tsaya masa a kai. Ki tambaye shi abin da ya sani, ki tambaye shi iyakar abin da yake son sani. Ki ce labarin ba mai daɗi ba ne. Ki faɗi sunan ciwon sau ɗaya, a sarari. Sannan ki yi shiru, domin shirun ma yana da maki.

Duk cocinmu an san Ulahannan yana da ciwon daji a ciki, ban da Ulahannan. Likita ya gaya wa ɗansa Sabu, Sabu ya gaya wa yayarsa Nimmy, sauran gari kuma suka ji ta hanyar da gari ke ji. Shi an ce masa olsa ce. Ya sha yi min ƙorafi cewa mutane sun lalace da kirki: maƙwabcin da suka yi shekara ashirin suna shari'ar iyaka ya aiko masa da ayaba.

Wata Lahadi bayan an tashi coci Ulahannan ya riƙe min hannun riga.

"Kai ne ka sa 'yata take hira da kujera a ɗaki? Kujera ba ta jin Turanci. Ni na yi shekara talatin ina karanta adireshin Turawa. Zo gida da la'asar, ni zan zama marar lafiyar, kai ka ba da maki."

Na je. An ba ni rogo da miyar kifi, shi aka ba shi kunun shinkafa. Sabu ya ja ni gefe ya ce, "Saar, don Allah ka ba shi takardar mai karaya ko mai ciwon suga. Ka gane ai." Na gane. Na miƙa wa tsohon takardar wani mutum da ya karye a ƙugu. Ya sa tabarau ya karanta, ya ɗora kofinsa a kai, ya gyara zama a kujerar baranda.

Da Turanci suka yi. Nimmy ta gaishe shi, ta faɗi sunanta kamar bai san shi ba, ta tambayi ƙugu.

"Ƙugu lafiya lau, Sista. Ciki ne. An ce olsa ce, amma kullum sai na ƙara wa bel ɗina huda. Kuma maƙiyana sun fara gaishe ni."

"Appa, ba wannan ke cikin takardar ba," Sabu ya ce wa ubansa da harshenmu.

"Rufe min baki, jarrabawa ake yi. Saar, ana sa baki a jarrabawa?"

"Ba a sawa," na ce.

"Ka ji. Sista, ke ma'aikaciya ce, kin ga irina da yawa. Mene ne a cikina?"

Nimmy ta tsaya riƙe da bironta. Na ga leɓenta ya fara haɗa tsohuwar amsar, wadda ta kayar da ita sau biyu. Sai ta ajiye biron, ta jawo kujerar roba, ta zauna daidai fuskarsa.

"Me ka riga ka sani, yallaɓai?"

"Na san ana raina min hankali."

"Kana so ka ji duka, ko kaɗan-kaɗan?"

"Duka."

"Labarin ba mai daɗi ba ne. Ciwon daji ne. Ya wuce inda za a yi aiki."

Ta yi shiru, kamar yadda aka koya mata. Sabu ya dafe kai ya zauna a kan matakala.

"Saura nawa?" tsohon ya tambaya.

"Likita ya ce watanni."

Tsohon ya cire tabarau ya goge da gefen zanen da mazan garinmu ke ɗaurawa, ya juyo gare ni. "Saar, ta ci?"

"Ta ci."

"Madalla." Daga nan ya ajiye Turanci. "Yaushe jirginki, 'yata?"

"In na ci, bayan Kirsimeti, Appa."

"Wato da an kai ni filin jirgi ina ɗaga hannu, ina cewa sai kin zo hutu. Ke kin san ba za ki same ni ba, ni kaɗai ne wawan wurin." Bai ɗaga murya ba. "Ba zan hana ki ba. Ni na biya kuɗin makarantar jinyar, ba don in ajiye ki a kicin ba. Amma tun da watanni ne, ki jira in gama. Ba na so matar Sabu ta riƙa juya ni tana toshe hanci."

Sabu ya raka ni bakin hanya, amma da yayarsa yake magana, da ƙarfi, don maƙwabta su ji. "Kin ji daɗi, Chechi, babbar yaya? Mu duka muka riƙe bakinmu, har Fadan cocinmu. Ke daga koyon Turanci kin zama mai gaskiya!"

Ta zauna jarrabawar, ta fito da makin da babu ɗalibina da ya taɓa samu. Mai makarantar da nake koyarwa ya buga hotonta ya rataye a saman shagon gwal. Ta rubuta wa asibitin Ingila cewa a ɗan jira ta. Suka amsa da tausayi mai kyau, irin wanda nake koyarwa, suka jira har bayan Ista, sannan suka ɗauki wata daga ajina.

Ta bar aikinta ta zauna da shi. Ulahannan kuwa ya ɗauki mutuwa yadda gidan waya ke ɗaukar wasiƙa. Ya raba gona, ya zaɓi waƙoƙin jana'izarsa, ya shirya da maƙwabcin, ya sake ɓatawa da shi. Fada ya shafa masa man da ake shafa wa mai gargara, tsohon ya tashi ya nemi kifi. Likita ya ce abin mamaki ne, kuma jinya mai kyau ce ta jawo. Allura, ruwa, wanka, juyi, ba a taɓa ganin gyambon kwanciya a jikinsa ba. Da ta yi sakaci kaɗan, da ta samu jirginta.

Sakamakon jarrabawar shekara biyu yake rai. Ulahannan ya yi uku. Ya rasu cikin damina, hannunsa a nata, kuma duk wanda ya zo gaisuwa ya ce Allah ya ba kowa 'ya irinta.

Bayan an share makoki ta roƙe ni in raka ta wurin Joji, dillalin aikin waje, don yana jin nauyina tun da na taɓa kayar da shi a jarrabawa lokacin da nake koyarwa a sakandare. Ofishinsa akwai sanyi da hoton dusar ƙanƙara.

"Jarrabawa dai sai a sake, wannan ba matsala, ga Saar," Joji ya ce. "Matsalar ita ce shekara ukun nan da kika yi a zaune."

"A zaune? Jinya nake yi."

"A wane asibiti?"

"A gida. Mahaifina."

"Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki. Gado nawa ne a gidan?"

"Kana wasa da ni ne?"

"Ni? Sista, hukumar can ce ke tambaya, ni ɗan aike ne. Suna son asibiti mai gadaje da hatimi. A wurinsu hannunki ya huce. Ki koma asibiti ki fara tara shekaru daga farko, a ƙarƙashin yaran da kika koya wa neman jijiya. Kafin nan kin haura arba'in da biyar, kuma ni ban san wace doka za su fito da ita ba."

"Babu wata hanya?" na tambaya.

"Akwai, Saar, amma ba ta nas ba ce. Gidajen tsofaffi suna neman masu kula. Wanka, ciyarwa, canja zani. Ba lasisi, ba jarrabawar nan taku mai wuya. Albashin bai kai ba, amma in an juya shi zuwa rupi yana da kyan gani." Ya juya ga na'urarsa. "Tambaya ta farko: kin taɓa kula da tsoho?"

"Yanzu na gaya maka."

"Ina nufin wanda ya biya ki."

Nimmy ta dubi hoton dusar ƙanƙarar na ɗan lokaci.

"A'a," ta ce.

"To sai mu sa ki a sababbin shiga. Za su ba ki horo na mako biyu, kyauta."

Ta tafi kafin azumin Ista. Mijinta ya ce tana wani gari a bakin teku, a gidan tsofaffi mai hawa biyu. In wani ya nemi maganin ciwon kai, sai ta je ta kira nas.