Garin Gawayi a Gonar Chizuru

Shekarar da Noboru ya zame daga kan rufin rumbu ya karya ƙugu, dusar ƙanƙara ta ƙi tafiya. Watan Maris ya raba tsakiya, amma gonarsu tana nan fari fat, ƙanƙarar har cinyar matarsa Chizuru. Alkamar da suka shuka tun kaka tana kwance a ƙarƙashi, kuma Chizuru ta san in ta daɗe a binne ruɓewa za ta yi.

Kullum sai Noboru ya bugo waya daga gadon asibiti a birnin Asahikawa.

"An watsa gawayin?"

"Baban Sayuri, ko gaisuwa babu? Yaya Shigeo ya ce gobe."

"Gobensa ba ta ƙarewa. Rana fa tana zuwa, farin nan ne ke mayar da ita sama yadda ta zo. Sai an baƙanta gonar zafin zai zauna."

Washegari kuwa Shigeo, wan mijin nata, ya iso da injinsa na watsa gawayi yana tari. Ya yi ta zagaya gonar, garin gawayi na tashi a bayansa, har farin ya koma toka-toka. Da ya sauko, in ban da idanu ba a ganin komai a fuskarsa.

"Yaya, kai ma yau za ka narke," in ji Chizuru, tana miƙa masa shayi da dunƙulen shinkafa.

"Ki faɗa wa ragon nan na gama masa aiki, shi yana can ana juya shi kamar jariri."

Sai dai ranar da suke jira ba ta fito ba. Gari ya lumshe, sabuwar dusa ta sauko ta shafe baƙin gaba ɗaya. Chizuru ta tsaya bakin taga, hannu a ƙirji. Noboru ya kira, ta kasa ɗauka. Me za ta ce masa? Kwanaki aka yi a haka, ko abincin kirki ba ta iya ci.

Wata safiya ta ji ruwa na ɗiga daga indararo. Ta leƙa, sai hasken rana ya kashe mata ido. Kafin tsakar rana sabuwar dusar, wadda dama ba ta da kauri, ta fara hujewa, baƙin ya ɓullo nan da can. Duk inda ya ɓullo sai wurin ya lotsa. Cikin mako guda ƙasa ta bayyana a gefen kudu.

Ta zura takalman roba ta shiga, taɓo na riƙe mata ƙafa. Ta durƙusa ta yaye ɓawon ƙanƙara da hannu. Ganyen alkamar ya kwanta, bakinsa ya yi rawaya, amma da ta ja ɗaya sai saiwar ta ƙi fita. Ta duba gindin: kore shar. Ta matsa gaba ta sake dubawa, nan ma haka.

A nan ta zauna daɓas cikin jiƙar, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, sannan ta lalubo waya.

"Tana da rai," ta ce.

Sai ta ji Noboru yana jan hanci.

"Kuka kake yi?"

"Mura ce. Har ta wajen magudana?"

"Can ban isa ba tukuna. Bari in tashi, wandona duk ya jiƙe."