Rediyon Malam Salmanu a Buhun Shinkafa

Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da Malam Salmanu a gidansa na Akurba, rediyo ya zame masa gona da kasuwa. Da shi yake karyawa, da shi yake wuni. Matarsa Sabuwa har kunya take ji idan an zo dubiya, don sai baƙo ya gama gaisuwa Malam bai rage muryar rediyon ba.

Wata safiya a daminar 1988, Sabuwa ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ta ɗora rediyon kan turmi, ta hau wanki. Akuyarsu ta zo a guje ta bangaji turmin. Sai ji suka yi tsulum, mai karanta labarai ya nutse cikin bahon wankin.

Sabuwa ta tsamo shi, ruwan sabulu na tsiyaya. Malam bai yi faɗa ba. Juya fuska kawai ya yi wajen bango, abin da ya fi faɗa yi mata ciwo. Ta kai hannu za ta murɗa ta ji ko da sauran rai.

"Kada ka kunna!" Hembadoon ce, maƙwabciyarsu 'yar ƙabilar Tibi mai sayar da shinkafa, ta leƙo ta kan katanga. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kuma Maman Jumai take kiran Sabuwa. "Maman Jumai, cire batir tukuna. Na mijina ya faɗa rafi, ya kunna, ya mutu gaba ɗaya."

Ta zagayo ta shigo. Suka kwance bayan rediyon da bakin wuƙa, suka kife shi, suka goge da tsumma. Sabuwa ta ce ko a kara shi kusa da murhu, Hembadoon ta ce zafi zai narkar da cikinsa. Ta je ta kinkimo ragowar buhun shinkafa, suka tura rediyon ciki suka ɗaure.

"Zai tashi?" in ji Sabuwa.

"Ni ba makaniki ba ne. Amma shinkafa yana shan ruwa."

Gidan ya yi tsit. Ran farko Malam ko abincin kirki bai ci ba. Kashegari Torkula, mijin Hembadoon, ya shigo jajen rediyo, ya zauna yana ba da labarin yadda doya ta yi a Kwandere. Malam ya ce ƙarya ce, ƙasar can ba ta kai haka ba. Gardama ta kaure. Sabuwa na kicin ta ji dariyar mijinta, har ta saki ludayi. Rabonta da jin wannan dariya tun kafin shuka.

Da kwanaki suka shuɗe, Sabuwa ta kwance buhun da bismilla, ta ciro rediyon, ta hure ƙwayoyin da suka maƙale, ta mayar da batir. Shiru. Can sai ƙara kamar ana suya, sannan muryar mutum ta fito a dishe, kamar mai mura.

"Malam, ya yi magana!"

Ya karɓa ya kara a kunne, idonsa ya ciko. Ya saurara kaɗan, sannan ya miƙa mata.

"Ajiye shi a ɗaki, Sabuwa. Miƙo mini sandata, ki kama ni mu je ƙofar gida. Torkula ya ce yau zai kawo doyar nan in gani da idona."