Azumin da Aka Hana Saratu

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, Saratu ta cika shekara huɗu ba ta yi azumi ba. Wani ciwo ne a gefen cikinta na dama, kamar an kafa mata ƙusa. Duk asibitin da ta je, kafin ta rufe baki an rubuta olsa. Ba wanda ya taɓa cewa ta kwanta a duba. Aka hana ta yaji, aka hana ta tsami, aka ce in ta kuskura ta yi azumi hanjinta zai ɓule. Mijinta Garba ya yi ta shan ruwa shi kaɗai har Allah ya karɓi abinsa.

Da ta fita takaba, saura wata biyu a ga watan azumi, maƙwabciyarta Tabita ta leƙo.

"Maman Zahra'u, ɗauko mayafi. Farin maganin olsar nan kin sha ya kai randa, me ya tsinana miki?"

Daga unguwarsu Gyaɗi-Gyaɗi ta ja ta har wani ɗan asibiti a Tarauni, wurin wata likita mace. Likitar ta ce ta kwanta.

"Inna, nuna mini wurin da yatsa ɗaya."

Ta nuna, daf da tabon tiyatar haihuwar autarta. Likitar ta danna, ta ce ta ɗago kai kamar za ta tashi zaune. Saratu ta saki salati.

"Ya ƙaru ko? Da daga can ciki yake, da ya ragu. Jijiya ce tabon ya matse a naman sama."

Ta yi mata allura a daidai wurin. Kafin Saratu ta gyara zani, ciwon ya lafa.

"In ya dawo, ki dawo a ƙara. Azumi kuwa, yi abinki."

Tabita ta zungure ta. "Ba ki gode ba?"

"Na gode, 'yar nan, Allah ya yi albarka. Amma waɗancan likitocin fa? Hannunsu ne ya karye? Malam ya tafi yana mini kallon marar lafiya, ni kuwa ina ɓuya a bayan ƙyaure ina cin tuwo da rana tsaka kamar ɓarauniya!"

Har suka iso gida ba ta daina faɗa ba. Ranar Litinin ta fara ramuwa.