Rabon Kyanwoyin Sawakin

Tun da Yunus ya samu aikin tuƙi a hanyar Jidda, yake shigowa da ɗanyen kifi duk Juma'a, hankalin matarsa Ruƙayyatu bai sake kwanciya ba. Uwarta ce, Inna Hajo, ta ɓullo da sabon hali. Da an ajiye faranti sai tsohuwar ta yagi tsoka mafi kyau, ta fita lungu, ta durƙusa gaban kyanwoyin unguwarsu ta Misfala, ƙazaman nan masu yagaggen kunne, ta ce, "Bismillanku, masu gari. Mu baƙi ne, a yi mana haƙuri."

"Ya Ummi, da wa kike magana haka?"

"Da waɗanda suka fi ki ladabi."

To fa! Yunus ya ce ruɗewar tsufa ce, ranar Asabar zai kai ta asibiti. Ga shi Inna ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, tun da ta zo aikin hajji ta zauna ke nan, kafin ma a haifi Ruƙayyatu. A asibiti kuwa za a tambayi takarda. In aka tusa ƙeyarta gida, wa take da shi a can? Duk sun mutu.

Ranar Juma'ar, ga kifi ya soyu, sai ga sallama. Ɗaso ce, wata tsohuwar Basakkwaciya mai sayar da gyaɗa, wadda ta tare a lungun kwanan nan. Kunya ta kama Ruƙayyatu tun abin bai faru ba. Ta je ta tsaya bakin ƙofa kamar mai shan iska, don ta tare Inna.

Wadda ta fara miƙewa da tsoka a hannu, Ɗaso ce.

"Matsa, ɗiyata, in ba masu gari nasu."

Inna Hajo ta saki baki, ita ma ga tata tsokar a hannu. "Ke! Ta Sawakin kika ƙetaro?"

"Yo ta ina? Shekara biyu muna jiran jirgin ruwa, ina wankau."

Shi ke nan, tsofaffi suka manta da kowa. Suka shiga labarin Sawakin, tsohuwar tashar jiragen alhazai a Sudan, lungu-lungu: gidajen dutsen teku masu tagogin katako da suka fara zubewa tun da jiragen suka koma Bor Sudan, da kifin da ake gasawa a bakin ruwa, a matsa lemon tsami, a naɗe a kisira, gurasar can. Ɗaso ta juyo ga Ruƙayyatu.

"An ce can Annabi Sulaimanu ya tsare aljanu, kyanwoyin garin kuma nasu ne. Ba mai cin kifin teku bai ba su ba. Wani Bakano ya yi gardama, kwana ya yi ana ƙwanƙwasa mishi ƙofa."

"Ƙarya ne, ɗan Zinder ne," in ji Inna.

Ruƙayyatu ta dubi mijinta. Yunus ya sosa ƙeya, ya ce a hankali, "Halas, a bar maganar Asabar." Ruƙayyatu ta zauna daɓas a kan tabarma tana dariya, hawaye na zuba. Wallahi ji ta yi kamar an sauke mata buhun gero daga ka.

"Wace Asabar?" Inna ta tambaya.

Tsohuwa ba yarinya ba ce. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Au, mahaukaciya kuka ɗauke ni? Da ƙafata na tako daga Haɗeja zuwa bakin teku. A ƙasar nan na haife ki, na aurar da ke, ba ki taɓa cewa, Ummi, yaya kika zo ba."

Ruƙayyatu ta share fuska, ta matso har gwiwarta ta taɓa ta uwar.

"Yaya kika zo, Ummi?"

"Zuba wa baƙuwa shayi tukuna," in ji Inna Hajo. "Hanyar da nisa."