Baƙin Dutsen Rijiyar Lirwanu

A zurfin gaba goma sha biyu digar Lirwanu ta faɗa kan baƙin dutse. Ba shi da tauri, ɓarewa yake falle-falle, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Shekara arba'in Lirwanu yana haƙa wa mutanen Horo Birni rijiya, kuma ƙa'idar mahaƙa sananniya ce: in ka tarar da baƙi mai wari, wai ƙasar wurin ta mutu, sai a cike ramin. Wa ya taɓa wucewa ya ga abin da ke ƙarƙashi? Babu. An dai gada.

Ɗiyarsa Ramla, wadda ta karanta ilimin duwatsu a jami'a, ta tsinci gutsuren dutsen guda a bakin ramin, ta murtsuke shi.

"Baba, wannan lakar tsohon teku ce. Ciyayi da ƙananan halittu sunka ruɓe cikinta, shi ya kawo baƙin da warin. Sau da yawa yashi mai ruwa na kwance ƙarƙashi. A bar ramin ya sha iska, ku ƙara gaba ukku."

Makiyaya na tsaitsaye da shanu, rani ya matse kowa. Mode, abokin haƙarsa, ya tuntsire da dariya.

"Teku a ƙasar Shagari! Lirwanu, ce wa ɗiyar taka ta kamo muna kifi!"

A ransa Lirwanu ya so gwadawa. Dariyar mutane ce ta hau masa kai, ya juya kan Ramla.

"Ke, mi kinka sani? Takarda ta taɓa haƙa rijiya?"

Ya sa aka cike ramin tana tsaye. Ta koma wurin aikinta Sakkwato. Tana zuwa da salla, ta durƙusa ta gaishe shi, amma maganar aikinta ba ta sake haɗa su ba.

Bayan shekara biyu aka kawo injin burtsatse, aka kafa taku ashirin daga tsohon ramin. Lirwanu na kallo baƙar laka ta fito, sai farin yashi, sai ruwa. Ya tambayi mai injin kaurin baƙin.

"Bai kai gaba biyu ba, Baba."

Da la'asar ya kira Ramla a waya, ya faɗa mata. Ya jira ta ja shi da bayani, ko da faɗa ne.

"Alhamdu lillahi," in ji ta cikin ladabi. "Ya ƙafar taka, Baba? A gaida Inna."